Shagon editin na wajen Kabuga, ga masu firojek na bidiyo

Duk ɗalibin da malami ya taɓa ce wa ya haɗo ɗan dokumentari na minti goma ko talla ko shirin rediyo a matsayin asaimen ya san ciwon kan da ke ciki, musamman 'yan aikin jarida na BUK da 'yan Poly. To akwai wani ɗan shagon editin (gyara da haɗa bidiyo) a wajen Kabuga a Kano, ba nisa da tsohuwar harabar BUK, nan gurup ɗinmu muka haɗa namu kuma gaskiya ya cancanci a yi maganarsa.

Namu a kan marinar Ƙofar Mata muka yi, da waya muka ɗauka, hoto ya fita tas, ga rijiyoyin rini ga baba ga toka ga dattijo yana tsoma zane yana ɗagawa, amma sautin kam sai a hankali, hon ɗin 'yan adaidaita da iska da ƙarar masu bugu duk sun danne muryar dattijon. Mai shagon kafin ma ya kalli hoton sai da ya sa abin kunne ya saurara, ya ce mana mai kallo zai iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma in bai ji me ake cewa ba ya tashi kenan. Ya ba mu hayar ɗan makirufo ɗin nan da ake maƙalawa a wuyan riga muka sake ɗaukar hirar da sassafe, sauran kuma ya zaunar da mu a gaban Audacity, manhajar gyaran sauti, ya nuna mana yadda ake zaɓar 'yan daƙiƙun da ba wanda ke magana, manhajar ta gane hayaniyar sannan ta rage ta a duk faifan. Ya kuma ja kunnenmu kar mu matsa da yawa, don muryar sai ta koma kamar daga cikin randa ake magana.

Abin da ya fi burge ni kenan, mutumin ba ya karɓar aiki ya yi maka ka zo ka ɗauka. Kai za ka riƙe maus ɗin, shi yana gefe yana cewa yanke nan, wannan ya yi tsawo, sa rubutun sunan mai magana a ƙasa. Wasu na jin haushi har su tafi wani wurin, ni kuwa ina ganin gata ne, domin ranar difens, wato ranar kare aikin, malami zai iya tsayar da bidiyon ya ce me ya sa kuka yanke a nan, wanda aka yi wa aiki sai ya fara kame-kame a gaban aji. Editocin Zoo Road ƙwararru ne ba musu, amma harkar fim ce a gabansu, ɗalibi a can ɗan kallo zai zama, aljihunsa ma ba lallai ya ɗauka ba. A nan da awa ake biya, in gurup ne aka yi karo-karo abin bai da nauyi.

Kwamfutarsa guda ce mai ƙarfi, RAM 16GB, ita ke ɗauke da babbar manhajar haɗa bidiyo ta Premiere Pro, sauran ƙananan sai dai Canva da PowerPoint da ɗan CapCut. Shi ya koya mana fitar da aiki a MP4 1080p, da cewa in za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse bidiyon ya dusashe, ka haska a majigi ka rasa gane aikinka.

Matsala fa akwai. Wurin ƙarami ne ainun, in mutum shida suka shiga ba masaka tsinke, 'yan matan gurup ɗinmu sun takura sosai, ya kamata a ware musu ko da benci ɗaya ne. Ba shi da sola, da an ɗauke wuta sai janareto, kuma ɗan ɗakin naɗar murya bangonsa ɗaya da inda janareton yake, don haka mai son ɗora murya sai ya jira an kawo wuta, ga zafi don dole a kashe fanka. Makon miƙa firojek kuwa layin babbar kwamfutar sai ka tausaya wa mutane, kowa na cewa nasa gobe ne.

In za ku je ku je tun ana saura sati biyu, da safe kafin a cika, ku tafi da rubutaccen tsarin aikinku don awa na tafiya kuna musu kuɗinku ne ke ƙonewa. Ku riƙe filash naku na kanku, kuma kafin ku bar shagon ku ɗora kwafi a Google Drive, filashin da ke yawo tsakanin kwamfutocin nan ba a rasa bairos a ciki.