Gargaɗi ga masu sauka a Paris: hattara da 'yan tasin bogi

Jama'a, duk wanda zai sauka a filin jirgin saman Charles de Gaulle, don Allah ya karanta wannan kafin ya ɗaure kaya.

Da zarar ka karɓi jakarka ka fito, za ka tarar da wasu mutane tsaye cikin shiga mai kyau, suna cewa "Taxi? Taxi?" ƙasa-ƙasa. Wani har ya kai hannu kan jakarka wai zai taya ka, ya yi gaba da ita zuwa wurin ajiye motoci. Kada ka bi shi. Direban tasi na halal ba ya shiga cikin ginin filin jirgi neman fasinja, yana waje a layinsa. Ka bi alamar da aka rubuta Taxi har ka kai inda ake jerin gwano.

Motar gaske tana da fitila a saman rufi mai rubutun Taxi Parisien, kore idan babu fasinja, ja idan akwai, ga kuma mita a gaba. Kuɗin shiga gari ƙayyadadde ne, ba a ciniki: tun 2024 Yuro 56 ne zuwa ɓangaren arewa na kogin Seine, 65 zuwa ɓangaren kudu, komai cunkoso, kuma jaka ba ta da kuɗi na daban. Doka ta wajabta masa karɓar katin banki.

Su kuwa waɗancan sai kun yi nisa a kan babban titi, ko kun iso ƙofar otal kayanka na kulle a but, sannan su faɗi farashi. A 2018 wani ya nemi Yuro 247 daga hannun wasu 'yan Tailan biyu, ya hana su fita daga motar. Da ba su ɗauke shi bidiyo ba, da ya sha. Kotu ta ɗaure shi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, baƙon da ya kwana a jirgi, bai iya Faransanci ba, ga iyali a baya, shi suke nema.

Idan kayanka ba su da yawa, jirgin ƙasa na RER B zai kai ka Gare du Nord, babbar tashar jirgin ƙasa a cikin Paris. Can ma akwai masu zuwa wajen na'urar tikiti su ce za su saya maka, su ba ka na yara ko wanda aka riga aka yi amfani da shi. Saya da kanka, ko ka je tagar ma'aikata.

In abu ya rikice, kira 17 (lambar 'yan sanda) ko 112 (lambar agajin gaggawa), ka kuma ɗauki hoton lambar motar.