Masu rage wa yara raɗaɗi da suka riƙa zuwa mana ƙauye, tauraro 4 cikin 5 na ba su

Wata biyar muka yi da su a kan ɗan yayata, shekararsa 7, ciwon daji na ƙoda, mun kai shi asibitin koyarwa a makare likita ya ce abin ya riga ya bazu. Sai aka haɗa mu da wani sashe da aikinsu kawai rage wa mara lafiya azaba. Ni wlh da farko haushi na ji, gani nake sallamar mu aka yi cikin dabara.

Ranar da nas ɗin ta fara zuwa ko jaka ba ta buɗe ba, tabarma ta hau ta fito da kati mai zanen fuskoki tun daga mai murmushi har mai kuka, ta ce "babana, wacce ce taka yau?" Ya ɗora yatsa a ta ƙarshe. Ta ba shi mofin na ruwa, wani magani mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, da sirinji mara allura, duk awa 4, da yake uwar ba ta yi boko ba sai ta manna filasta daidai inda za ta ja ta tsaya, ta kuma bar maganin sakin ciki don mofin yana ɗaure ciki. Kakarsa ta tubure wai kayan maye ne, ba laifinta ba ne, ta ga yadda kodin da taramol suka yi da samarin gari. Nas ta ce "Inna ki bar ni da daren yau kawai." Yaron nan ya yi barci har asuba, ya tashi yana neman koko.

Inda na cire tauraro ɗaya, maganin sai a birni da takardar likita, kemis ɗinmu ba shi da shi. A watan Agusta ruwa ya cinye hanya, kwalba ta ƙare, kwana biyu yana kuka ni kuma ina kan tudu ina neman sabis in kira su. A Yuganda tun 2004 nas da aka horar tana rubuta mofin da kanta, mu me ya hana?

Allah ya karɓi abinsa bayan damina. Ran sadakar uku sai ga ta a kan acaɓa, ta yi wa yayata gaisuwa, ta auna sauran maganin ta rubuta a littafinta ta tafi da shi.