Duraphat 5000: man goge bakin da likita ta rubuta min bayan na haura sittin

Da yawa daga cikin dattawan da ke shan maganin hawan jini sun san bushewar baki. Yawu ya ragu, dasashi ya ja baya, gindin haƙori ya fito fili. Ga shayi mai sukari da nake kurɓa tun hantsi. Da ƙaramin madubi likitar haƙori ta nuna min wasu fararen tabo kamar alli a gindin haƙoran ƙasa, ta ce, "Baba, ruɓa ce ta fara, amma ba ta huda ba. Ba sai an yi ciko ba tukuna."

Sai ta rubuta min Duraphat 5000 na kamfanin Colgate. Man goge bakin da muka saba saye yana da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, wajen 1,450 ppm (wato kashi 1,450 cikin miliyan), wannan kuwa 5,000. Ƙwayoyin cuta suna cin sukari su fitar da tsami mai zaizaye ma'adinan haƙori; fuloraid ɗin yana taimaka wa ma'adinan kalsiyam da fosfet na cikin yawu su koma gurbinsu, wurin ya ƙara tauri.

Inda aikin yake shi ne ƙa'idar: ka goge, ka tofar, kada ka kurkure, kada ka ci ko ka sha sai an yi rabin awa. Ga mai alwala sau biyar wannan sai da dabara. In ka goge dab da alwala, ka zubar da kuɗinka a kwata. Ni bayan sallar Asuba nake yi, sai kuma bayan Isha'i in zan kwanta. Asuwaki na nan yadda na saba.

Da na koma, ta sa ƙarfenta ta taɓa wurin ta ce ya yi ƙwari. Tsamin da nake ji in na sha ruwan randa ma ya lafa, kodayake tabon bai ɓace duka ba.

Bututun ɗan ƙarami ne, giram 51, kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba. Wani mai shago ya so ya haɗa ni da wani daban, wai duk ɗaya ne. Duba lambar 5000 a jikin kwalin. Ba na yara ƙasa da shekara 16 ba ne, don haka a aljihun babbar riga nake ɓoye shi saboda jikoki. Wanda haƙorinsa ya riga ya yi rami kuma, wannan ba zai cike masa ba, sai kujerar likita.