Kafin ki sayi kayan fai na tuffa: wace tuffa, wane kwaɓi?

Ƙaramin fai na tuffa, wato kwaɓin fulawa da ake zuba wa haɗin tuffa a ciki a gasa, ba ya wuce minti 20 zuwa 25 a obin, cikinsa kuma cokali ɗaya ko biyu na haɗi yake ɗauka. Ki riƙe wannan a rai wajen sayayya, don tuffar da ta fi daɗin ci ɗanya ba lallai ta jure wuta ba.

Ni dai Granny Smith zan fara miƙa wa hannu, koriyar nan mai tsami da aka fara samu a Ostireliya a 1868. Tana da tauri, ko ta sha zafi yankan da kika yi mata yana nan, tsaminta kuma yana hana zaƙin sukari ya gundure ki. Braeburn da Pink Lady suna biye da ita, sun fi ta zaƙi amma su ma ba sa dagargajewa. Golden Delicious akwai ƙamshi, sai dai saurin laushi. In kin haɗa ta rabi da rabi da Granny Smith, ɗaya za ta narke ta kama haɗin, ɗaya ta tsaya a ji ta a haƙori. Red Delicious kuwa, duk kyan jar fatarta, a bar ta ga masu ci ɗanya, da ta ji wuta sai ta yi lami. Kowace kika ɗauka ki danna ta da yatsa, in ta lotsa ki mayar. Manya biyu zuwa uku sun isa ƙananan fai 12.

Wajen kwaɓi ne aka fi yin asara. Akwai mai hawa-hawa da ake sayarwa a daskare, wato faf festiri, wanda tururi ke ɗaga shi ya tashi fallen-fallen. Ki juya kwalin ki karanta abin da aka haɗa shi da shi. Na bota zalla ya fi ƙamshi da ɗanɗano, amma bota tana narkewa a wajen digiri 32 zuwa 35, don haka in kicin ɗinki da zafi sai kin yi sauri kina mayar da shi firji. Na man ganye ya fi haƙuri a hannu, ya fi araha, sai dai yakan bar maiƙo a dasashi. In kin ga kwalin ya jiƙe ko ƙanƙara ta taru a ciki, alamar ya narke an sake daskarar da shi ne, ba zai tashi da kyau ba.

Kwaɓin gida bai da wannan fargaba: fulawa giram 200, bota mai sanyi giram 100, ɗan gishiri da ruwan sanyi kaɗan. Ba ya kumbura, amma ya fi riƙe ruwan tuffa, kuma washegari yana nan da daɗinsa, alhali mai hawa-hawa ya riga ya saki. Wadda za ta gasa yau a ci gobe, wannan ne nata. Filo, wani kwaɓin mai siriri kamar takarda, yana da ƙarau-ƙarau, amma minti kaɗan a iska ya bushe ya kakkarye. Ban ba mai koyo shawararsa ba.

Ki sayi garin sitacin masara don ɗaure ruwan haɗin. Cokali ɗaya ya isa, kuma ya fi fulawa, wadda ke dusashe launi. Sai kirfa da lemon tsami. Ki ɗan dafa haɗin minti biyar, ki bari ya huce sarai kafin ki zuba a kwaɓi.

Na'urar matse bakin fai ba dole ba ce, kofi ya yanka, cokali mai yatsu ya danne baki. Gara kuɗin ya tafi ga tire mai kauri, takardar gashi, da ƙaramin ma'aunin zafi na cikin obin. Mai hawa-hawa yana son digiri 200 cif, kuma lambar da ke jikin obin ba kullum take faɗin gaskiya ba.