Gyaran kambar ƙafar gaba: a gida ko a wurin masu alaimen?

Wani ɗan'uwa a cikinmu mazaunin Jos ya ce tayar gaba ta hagu ta Corolla ɗinsa tana cinyewa ta gefen ciki har waya ta kusa leƙowa, alhali gefen waje da sauransa, yana kuma son sanin ko zai iya gyara kamba da kansa a gida, ko kuwa sai ya kai motar wurin masu alaimen, wato masu daidaita ƙafafun mota da na'ura. Malam, ga yadda nake auna hanyoyin biyu.

Kamba ita ce jirkicewar ƙafar mota idan ka tsaya a gabanta kana kallo. Idan saman tayar ya kwanta ciki, gefen ciki ne ke ɗaukar nauyi, shi ne kuma ke cinyewa. Sai dai to-in, wato yadda gaban tayoyin biyu ke fuskantar juna ko ke buɗewa waje, ya fi kamba saurin cin taya, domin jan ta yake yi a kan kwalta. Ka shafa tafin hannunka a kan zanen tayar: idan ka ji santsi ta ɓangare ɗaya, ka ji kaifi kamar haƙoran zarto ta ɗaya ɓangaren, matsalar ta to-in ce.

Awo a gida abu ne mai yiwuwa, kuma ba ya cin ko sisi. Ana buƙatar daɓen siminti da ba shi da gangare, wanda samunsa a gidajenmu na kan duwatsu shi ne wahalar farko. Ka daidaita iskar tayoyin, ka miƙe sitiyari, ka ɗaura noti a bakin zare, ka rataye shi daga jikin motar ya sauko ta tsakiyar ƙafar, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin zaren da bakin rim a sama da kuma a ƙasa. A rim mai inci 15, bambancin kusan milimita 7 daidai yake da digiri 1. Idan hagu da dama suka bambanta da fiye da rabin digiri, motar takan fara ja gefe ɗaya.

Gyaran ne ke da sarƙaƙiya. Hilux ta zo da kusoshin juya kamba tun daga kamfani, amma ƙafar gaban Corolla manyan kusoshi biyu ne ke riƙe da ita a jikin shakazoba, saboda haka sai ka sayi kusar kamba mai ƙusumbi ka maye gurbin kusar sama da ita. Za ka ɗaga motar, ka tokare ta da ƙarfen tokara domin jak kaɗai ba abin yarda ba ne, ka cire taya, ka juya kusar, ka ɗaure, ka sauke, ka ɗan tura motar gaba da baya don ta zauna, ka sake awo, kuma da wuya a dace a karo ɗaya. Babban cikas ɗin shi ne duk lokacin da kamba ta motsa to-in ma ya motsa, tunda tsawon tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar, bai canza ba, shi kuwa to-in kuskuren milimita 2 ko 3 ya isa ya cinye sabuwar taya tun ba ta tsufa ba.

A nan ne na'urar masu alaimen ta fi zare, domin tana karanta ƙafafu huɗu a lokaci guda, tana nuna kamba da to-in tare. Rauninta na wurin mai riƙe da ita ne: wasu tayarod kawai suke juyawa, su miƙe sitiyari, su karɓi kuɗi. Ka nemi a nuna maka alƙaluman kafin aiki da bayansa.

Ni dai a ganina, ka yi awo a gida, ka bar gyaran ga na'ura. Kafin ma ka je, ka tuna cewa kamba ba ta cika gocewa haka kawai ba. Sau da yawa rami guda da aka faɗa da gudu a hanyar Hawan Kibo ne ya lanƙwasa shakazoba, ko bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar, ya mutu. Ka ɗaga ƙafar, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, sannan dama da hagu. Idan ka ji tana wasa, ka fara kai ta wurin bakanike a Farin Gada ya duba boljoyin, wato gaɓar da ƙafar ke juyawa a kanta, da tayarod, domin alaimen ba ya zama a kan ƙafa mai wasa. Tayar da waya ta kusa fitowa kuwa, ka canza ta kafin a ɗora motar kan na'ura.