Manhajar sauya ma'auni da na gwada a shagon naɗa kwayil

Na shafe shekaru ina naɗa kwayil a wani ƙauye da ke kusa da Kura, inda yawancin aikinmu na injinan casar shinkafa ne da janareto da famfunan ban ruwa na manoman rani. A damina da ta wuce wani dattijo ya kawo mini kwayil ɗin wani tsohon janareto da ya ƙone ƙurmus, har ba a iya ƙirga zagayen wayarsa, sai dai ya zo da takardar bayanin injin wadda ta yi ja saboda tsufa. A jikinta an rubuta cewa ƙarfin tura maganaɗisu da kwayil ɗin yake bukata gilbat 1,500 ne. Ni kuwa abin da na sani tun ina yaron shago shi ne ampiya-zagaye, wato a ninka yawan wutar da ke bin waya da adadin zagayen da aka naɗa. Wannan ne ya sa na sauke wata manhajar sauya ma'auni ta kyauta a wayata, kuma bayan watanni ina amfani da ita, ga abin da na gani.

Lissafinta daidai yake, kuma wannan shi ne babban abin yabonta. Na rubuta 1,500 a gidan gilbat, nan take ta ba ni ampiya-zagaye 1,193.7. Ban yarda da ita haka kawai ba, sai da na kai wa wani malamin kimiyya na makarantar sakandare, ya zauna da biro ya nuna mini cewa gilbat ɗaya daidai yake da 10 a raba da ninki huɗu na 3.1416, wato lambar da'ira, abin da ke bayar da ampiya-zagaye 0.7958. Idan aka juya kuma, ampiya-zagaye ɗaya ya kai gilbat 1.2566. Shi ne ya ƙara mini da cewa gilbat na cikin tsohon tsarin da aka gina kan santimita da giram da daƙiƙa, kuma an raɗa masa sunan William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila, wanda a shekarar 1600 ya wallafa bayanin cewa duniya kanta babban maganaɗisu ce. Tsarin ma'auni na zamani na ƙasa da ƙasa mai suna SI, wanda aka amince da shi a 1960, shi ya ture shi, amma tsofaffin injina ba su san an yi wannan sauyi ba, suna nan da takardunsu.

Amfanin wannan a aljihu ba ƙarami ba ne. Takardar ta nuna wutar ampiya 2, don haka zagaye 597 ake bukata. Da na ɗauki gilbat tamkar ampiya-zagaye, da na naɗa 750, ƙarin zagaye 153 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wayar tagulla, kuma duk mai sayo tagulla a Sabon Gari ya san ba abin wasa ba ce yanzu. Ban da haka ma, gurbin ƙarfen ba zai ɗauke su ba.

Inda manhajar ta gaza shi ne ba ta yi wa mutum bayanin komai. Ta jera gilbat a shafi ɗaya, ta jera osted a wani shafi mai suna kusan iri ɗaya, alhali abubuwa biyu ne mabambanta: osted yana auna ƙarfin filin maganaɗisu, wato gilbat ɗaya a kowace santimita, kimanin ampiya 79.6 a kowace mita. Yarona ya taɓa shiga shafin da ba shi ba, ya kawo mini adadin da ko makaho ya shafa zai san babu kwayil mai ɗaukarsa. Da masu manhajar sun sa layi ɗaya na gargaɗi a saman kowane shafi, da hakan bai faru ba.

Akwai kuma abin da ba zan ɗora mata laifinsa ba, amma ya kamata mai sauke ta ya sani. Idan kwayil na aiki da wuta mai tafiya hanya ɗaya a kan bolt tsayayye, wato ƙarfin lantarki da ba ya sauyawa, ƙara zagaye yana ƙara tsawon waya, tsawon kuma yana rage wutar da ke wucewa, sai ampiya-zagayen ya tsaya kusan inda yake. Kaurin waya ne ke yanke hukunci a nan. Manhajar za ta ba ka 1,193.7, amma zaɓen lambar wayar da za ta bar ampiya 2 su wuce ba tare da kwayil ya yi zafi ba, wannan aikin mai naɗi ne da ma'auninsa.

Tana aiki ba tare da intanet ba, abin da ya dace da mu da sabis ke ɗaukewa da zarar hadari ya haɗu. Idan data na kunne kuwa, tallace-tallace ne ke rufe rabin fuskar waya, don haka na saba kashe ta kafin na buɗe. Babu Hausa a cikinta, kuma rubutunta ƙanana ne ga mai idanu irin nawa. Lambobin nan biyu, 0.7958 da 1.2566, tuni na sa yarona ya rubuta su da fenti a bangon shago kusa da injin naɗi, saboda ranar da wayar ba ta da caji.