Iowa da Nebraska: Ruwa Ne Ya Raba Su

Malam, ka tambaya me ya bambanta Iowa da Nebraska tunda maƙwabta ne a tsakiyar Amurka, kuma dukansu masara suke nomawa. Kogin Missouri ne iyakarsu, amma ruwan sama ne ya raba sana'arsu.

Iowa tana tsakanin kogin Mississippi a gabas da Missouri a yamma. Ta zama jiha a 1846, mutanenta kimanin miliyan 3.2, babban birninta Des Moines. Ƙasarta baƙa ce mai ƙarfi, ruwan sama na kai wa milimita 800 zuwa 900 a shekara. Damuwar manominta ita ce ruwa ya yi yawa. Wani yanki na arewacin jihar a da fadama ne, sai aka binne bututai ƙarƙashin gonaki, zurfin kamar mita ɗaya, suna tsotse ruwa zuwa magudana. Da haka Iowa ta zama ta ɗaya a masara da aladu da man itanol (man mota da ake yi da masara) a Amurka. Illar ita ce bututan nan ba ruwa kaɗai suke kwashewa ba, har da taki. Sinadarin naitiret na cikin takin yana gangarawa kogin Raccoon, inda Des Moines ke ɗebo ruwan sha, sai an kashe kuɗi an tace.

Nebraska ta fi girma, amma mutanenta ba su cika miliyan 2 ba a ƙidayar 2020. Ta zama jiha a 1867. Gabashinta, wajen biranen Omaha da Lincoln, kamar Iowa yake. Kana yin yamma ruwa na raguwa, har ya koma rabin na gabas. Dokar raba filaye ta 1862 ta ba kowane magidanci eka 160. A Iowa wannan gona ce mai ciyar da gida, a yammacin Nebraska kuwa yunwa ce. Dole a 1904 aka ƙara zuwa eka 640 a can. Tuddan rairayin Sandhills, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar, ba sa son garma: ka kafta, iska ta kwashe. Kiwo ne ya karɓe su, shi ya sa shanun Nebraska suka ninka mutanenta kusan sau uku.

Abin da ya ceci nomanta shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala. Ana haƙa rijiyar burtsatse a tsakiyar gona, a ɗora dogon bututu mai tayoyi, tsawon kusan mita 400, yana zagayawa yana yayyafi. A fili mai eka 160, kusan 130 kawai yake jiƙawa, kusurwoyi huɗu su zauna a bushe. Su ne zagayayyun gonakin da ake hangowa daga jirgi. Inda ruwan ya fara janyewa, musamman kudu maso yamma, hukumomin yanki suna sa mita a rijiya, su ƙayyade wa manomi abin da zai ɗiba.